Manjo Robert Lawrence, Ɗan Sama-Jannatin da Ya Rasu a Kujerar Malami

Duk wanda ya san tarihin Ikkilisiyar Katolika a wannan yanki namu na Funtuwa da Malumfashi ya san sunan birnin Shikago na ƙasar Amurka, ko da bai taɓa duba taswira ba. Lardin 'yan Dominikan mai hedkwata a wannan birni shi ne ya aiko da firistocin da suka iso Nijeriya a 1951, aka kuma danƙa musu yankin Sakkwato a 1953, tun ƙasar Katsina tana cikinsa. Waliyyin da lardin nasu ke ɗauke da sunansa, watau Albert Mai Girma, shi ne wanda Paparoma Pius na 12 ya naɗa majiɓincin masu binciken kimiyya a 1941. To, a wannan fitowa za mu kawo wa masu karatu tarihin wani ɗan Shikago ɗin, masanin kimiyya kuma matuƙin jirgin sama, wanda yake ɗan makaranta a lokacin da firistocin nan suke ɗaure kayansu. Sunansa Robert Henry Lawrence, kuma shi ne baƙar fata na farko da wata ƙasa ta zaɓa don ya zama ɗan sama-jannati.

An haife shi ran 2 ga watan Oktoba, 1935, ranar da Ikkilisiya ke tunawa da mala'iku masu tsaronmu. Ya tashi a kudancin Shikago, ɓangaren da baƙaƙen fata suka fi yawa. Da yawa daga mazauna wurin ƙaura suka yi daga jihohin kudancin Amurka, inda kakanninsu suka yi bauta a gonakin auduga. Mu da muke noma auduga muna kai ta kasuwa da hannunmu, a auna a biya mu, ya kamata mu tuna akwai waɗanda suka yi shekara da shekaru suna tsinkar ta ba a ba su ko anini ba. An soke bauta a can tun 1865, amma wariyar launin fata ba ta tafi tare da ita ba. A jihohin kudu doka ce ta raba makarantu da asibitoci, ta kuma tilasta wa baƙar fata zama a kujerun baya na motar haya. A Shikago babu irin wannan doka, sai dai kowa ya san unguwar da ba za a sayar masa da gida ba. Mai karatu ya riƙe zancen kujerar bayan nan, za mu komo kansa.

Yaro ne mai kaifin basira, mai son harhaɗa ƙananan jiragen sama na wasa. Ya gama sakandare ta Englewood a 1952 yana da shekara 16, yana cikin na gaba-gaba a ajinsu. Daga nan ya shiga Jami'ar Bradley a garin Peoria, ya karanta kimiyyar sinadarai, a lokaci guda kuma yana karɓar horon soja irin wanda ake ba ɗaliban jami'a masu son shiga rundunar mayaƙan sama. Kafin ya gama har an ɗora shi shugaban ɗaliban da ke wannan horo. Ya sami digirinsa na farko a 1956 yana ɗan shekara 20, aka ba shi muƙamin ƙaramin hafsa. Shekara takwas ke nan kacal da Shugaba Truman ya ba da umarnin a daina raba sojoji bisa launin fata, saboda haka baƙar fata mai tuƙa jirgin yaƙi abin kallo ne a wancan zamani.

Yana da shekara 21 ya zama cikakken matuƙi. Ya yi aure, Allah ya ba su ɗa guda. Aka tura shi Jamus ta Yamma, wani sansani kusa da birnin Munik, inda ya riƙa koya wa matuƙan Jamus tuƙin jirgin da ake kira T-33. Abin lura ne wannan ƙwarai. A shekarar da aka haife shi ne gwamnatin Hitler ta kafa dokokinta na fifita jinsi, ga shi kuma cikin shekara ashirin da 'yan kai, jikan Afirka yana zaune a bayan samarin Jamusawa yana gyara musu kuskure. A jirgin koyo kujeru biyu ne, ɗaya a gaba ɗaya a baya. Ɗalibi ke zama a gaba don ya ga hanya sosai, malami kuwa a baya, yana da nasa abin sarrafa jirgin, yana lura, yana magana, ba ya karɓe tuƙi sai ya zama dole. A nan Lawrence ya fara sanin wannan kujera.

Mutum da ya kai wannan matsayi zai iya cewa karatu ya isa haka. Shi kuwa sai ya koma aji. Ya shiga Jami'ar Jihar Ohayo, ya yi digirin dakta a fannin kimiyyar sinadarai, ya kammala a 1965. Bari mu ɗan bayyana abin da ya bincika, don 'yan makarantarmu. Iskar haidirojin, wadda take ɗaya daga cikin abubuwa biyu da suka haɗu suka zama ruwa, iri uku ce. Akwai wadda aka saba da ita, akwai mai nauyinta biyu da ake kira ditiriyam, akwai kuma mai nauyinta uku da ake kira tiritiyam. Ita ta ukun ba ta zama lafiya, kullum tana fitar da wani tururi mai ƙarfi wanda ido ba ya gani. Lawrence ya yi nazarin yadda wannan tururi ke sa ditiriyam ta yi musanyar gurbi da haidirojin ɗin da ke cikin iskar mitan da 'yar'uwarta itan. Mitan kuwa ba baƙuwa ba ce gare mu: ita ce iskar da ke tashi daga kashin shanu idan ya ruɓe a rami, ita ce kuma mafi yawan gas ɗin da ake haƙowa tare da man fetur a kudancin ƙasarmu. Aiki ne na haƙuri, na aune-aune da maimaitawa, wanda ba ya kawo suna a jarida. Bayan ya gama, rundunar ta sa shi aikin bincike a wani ɗakin gwajin makamai da ke sansanin Kirtland a jihar New Mexico, bai kuma bar tuƙi ba. A ƙarshen rayuwarsa ya tara sa'o'i fiye da 2,500 a sama, 2,000 daga ciki a jirage masu injin jet.

A waɗannan shekaru Amurka da Tarayyar Sobiyat suna tseren zuwa sararin samaniya, kuma tseren ya ratsa ta ƙasar Hausa. Hukumar NASA ta kafa tasha a Kano don bin sawun kumbunanta da yin magana da mutanen da ke ciki. Ran 20 ga Fabrairu, 1962, da John Glenn ya kewaya duniya sau uku, ya yi magana da ma'aikatan tashar Kano, har ya ba su labarin ƙurar da yake hangowa tana tashi a hamada, lokacin kuwa na hunturu ne. A watan Agusta na 1963 kuma Shugaba Kennedy da Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa suka gaisa ta wayar da ta bi ta tauraron ɗan Adam. Amma duk waɗanda Amurka ta zaɓa su hau kumbo har zuwa lokacin farare ne. An sa rai a kan wani matuƙi baƙar fata, Ed Dwight, wanda ya shiga makarantar horo a zamanin Kennedy, amma da NASA ta fitar da sunaye a 1963 babu nasa. Sai a watan Mayu na 2024 ya leƙa sararin samaniya na 'yan mintoci a wani kumbon 'yan kasuwa, yana da shekara 90.

Lawrence ya bi ta wata ƙofa dabam. Ban da shirin NASA, rundunar mayaƙan sama tana da nata shiri mai suna MOL, watau ɗakin bincike mai kewaya duniya da mutane biyu a ciki har tsawon kwana talatin. A watan Yuni na 1967 ya gama makarantar matuƙa masu gwajin jirage da ke sansanin Edwards a hamadar Kalifoniya, ran 30 ga watan kuma aka bayyana sunansa tare da wasu hafsoshi uku: James Abrahamson, Robert Herres da Donald Peterson. Jimillar waɗanda aka ɗauka a wannan shiri tun daga farkonsa mutum 17 ne.

A nan wajibi ne a faɗi gaskiyar abin da shirin yake. An gaya wa jama'a ɗakin gwaje-gwaje ne, alhali kuwa babban nufinsa leƙen asiri ne: a ɗora wata ƙatuwar na'urar ɗaukar hoto a ciki, mutanen biyu su riƙa ɗauko hotunan sansanonin Sobiyat daga sama. Sai a 2015 gwamnatin Amurka ta buɗe takardun sirrin shirin da yawa. Lawrence soja ne a zamanin yaƙin cacar baki, iliminsa kuma ya yi wa wannan yaƙi hidima. Paparoma Yohanna na 23, a wasiƙarsa ta zaman lafiya ta 1963, ya roƙi manyan ƙasashe su bar tseren makamai, Paparoma Bulus na 6 kuma a watan Maris na 1967 ya yi kira a karkata kuɗin makamai zuwa ga taimakon matalauta. Ba za mu ɓoye wannan don mu gyara hoton mutumin ba. Sai dai akwai masu cewa, kuma zancensu yana da ƙamshin gaskiya, hoton da ke nuna maka ainihin abin da abokin gaba yake da shi yakan rage tsoron da ke haifar da yaƙi.

A taron 'yan jarida da aka gabatar da su, wani ya tambaye shi ko a kumbon ma kujerar baya za a ba shi. Lawrence ya yi dariya kawai. Da aka tambaye shi ko zaɓensa wani babban abin tarihi ne ga baƙaƙen fata, sai ya nuna bai ɗauke shi haka ba, a ganinsa mataki ne da ya kamata ya zo da kansa a tafiyar neman 'yanci. Wasu za su so a ce ya fi haka zafi, domin a wannan bazarar ce tarzoma ta ƙone unguwannin baƙaƙen fata a biranen Newark da Detroit. Ni dai ina ganin amsar mutum ce wanda ya san da guminsa ya sami gurbin, bai kuma yarda a mai da shi abin nuni ba. Labarin bai iso nan sosai ba, dalili kuwa a fili yake: kwana shida bayan sanarwar, ran 6 ga Yuli, yaƙin basasar Nijeriya ya ɓarke. A shekarar ce kuma aka naɗa Fada Michael Dempsey, ɗaya daga cikin 'yan Dominikan na farko da suka zo, Bishop na Sakkwato.

Aikin da ya fi ba da ƙarfi a kansa a watanninsa na ƙarshe shi ne yadda za a sauko da kumbo mai fukafukai ƙasa ba tare da inji ba. Jirgin fasinja yana saukowa a hankali, idan matuƙi ya ga bai daidaita ba sai ya ƙara wuta ya tashi ya sake zagayowa. Kumbon da ya dawo daga sararin samaniya ba shi da wannan dama, saukarsa ɗaya ce. Yana zubowa ne da tsananin gudu, hancinsa a ƙasa, sai ya kusa taɓa ƙasa matuƙi ya ɗaga hancin, gudun ya karye, ƙafafun su sauka. Wanda ya taɓa ganin shirwa ta kawo sura a tsakar gida ya ga misalin abin: ta faɗo kamar jifa, dab da ƙasa ta buɗe fukafukai ta gyara. Idan aka ɗaga hancin da wuri, gudu ya ƙare jirgi yana sama, ya faɗo. Idan aka makara, ya daki ƙasa. Tsakanin biyun 'yan daƙiƙoƙi ne. Jirgin da suke gwada wannan da shi shi ne F-104, mai gajerun fukafukai da saurin tsiya, wanda in an rage masa wuta yakan zubo kamar kumbo. Jirgi ne marar yafiya. Rundunar Jamus ta yi asarar kusan kashi ɗaya cikin uku na waɗanda ta saya a haɗurra, har mutanen ƙasar suka yi masa laƙabi da mai sa mata takaba.

Shekarar 1967 ta riga ta ci 'yan sama-jannati da dama. A watan Janairu wuta ta kashe mutum uku a cikin kumbon Apollo yana ƙasa ana gwaji, a watan Afrilu Vladimir Komarov na Sobiyat ya mutu da lemar kumbonsa ta ƙi buɗewa, a watan Nuwamba kuma Michael Adams ya mutu a jirgin gwaji na X-15. Ran 8 ga Disamba, ranar idin Budurwa Maryamu wadda aka yi cikinta ba tare da zunubin asali ba, Lawrence ya tashi daga Edwards a F-104 mai kujeru biyu. A gaba akwai Manjo Harvey Royer, wanda yake koyon wannan irin sauka, Lawrence yana baya a matsayin malami. Da suka zubo, an makara wajen ɗaga hancin jirgin. Ya daki ƙasa da ƙarfi, ƙafafunsa suka karye, wuta ta kama, ya soma mirginawa. Irin waɗannan jirage suna da kujerun da ke cilla matuƙi sama idan haɗari ya auku, lema ta sauko da shi. Ta gaba ta fita jirgin yana tsaye daidai, Royer ya tsira da munanan raunuka. Ta baya an yi ta ne ta ɗan jinkirta don kada su yi karo, kafin ta fita kuwa jirgin ya riga ya karkata, sai ta cilla shi gefe, lemar ba ta buɗe ba. Nan take ya cika, yana da shekara 32, wata biyar da 'yan kwanaki bayan zaɓensa. Allah ya jiƙansa.

Ga kujerar bayan da ɗan jaridar nan ya yi masa ba'a da ita. A cikinta ya rasu, kuma ba wanda ya tura shi can don raini, ƙwarewarsa ce ta kai shi. Malaman makarantunmu da katikis-katikis da aka horar a Malumfashi sun san irin wannan wuri: ka bar ɗalibi ya riƙe abin da hannunsa, domin in ba ka bar shi ba ba zai iya ba, kai kuwa kana ɗauke da alhakin abin da zai biyo baya. Cikin wasiƙun ta'aziyya da matarsa ta samu har da na masu ƙiyayya, waɗanda suka rubuto suna murna da mutuwarsa saboda launin fatarsa. Shekara biyu ke nan da Majalisar Batikan ta Biyu ta bayyana cewa wariya saboda jinsi ko launi ta saɓa wa nufin Allah.

Shirin MOL bai daɗe bayansa ba. Kuɗinsa ya yi yawa, yaƙin Biyetnam yana cin dukiya, taurarin leƙen asiri marasa mutum kuma sun soma yin aikin da araha. Aka soke shi a watan Yuni na 1969 ba tare da ko mutum ɗaya ya tashi a cikinsa ba. NASA ta karɓi bakwai daga cikin matuƙan, waɗanda suka fi ƙuruciya, kuma da Lawrence yana raye shekarunsa 33 ne, ke nan yana cikin sa'o'insu. Dukan bakwai ɗin sun je sararin samaniya daga baya a kumbon nan mai fukafukai da ke zuwa ya dawo. Robert Crippen yana cikin mutum biyu da suka yi tafiyar farko a kumbon Columbia a watan Afrilu na 1981, suka kuma sauko da shi ba inji a filin Edwards, da irin saukar da Lawrence ya mutu yana koyarwa. Donald Peterson, wanda aka zaɓe su rana ɗaya, ya tafi a 1983. Jinin Afirka na farko da ya isa can shi ne Arnaldo Tamayo Méndez ɗan ƙasar Kuba, a kumbon Sobiyat a 1980, sai Guion Bluford na Amurka ran 30 ga Agusta, 1983. Wanda ya karanta ƙarshen tarihin Musa a kan Dutsen Nebo, inda ya hangi ƙasar alkawari wasu suka shiga, zai ga kamanni.

Abin da ya fi ciwo shi ne yadda aka manta da shi. A 1971 matuƙan Apollo 15 suka ajiye wani ɗan allo a kan wata mai sunayen 'yan sama-jannati 14 da suka mutu, Amurkawa da 'yan Sobiyat, babu nasa. A 1991 aka buɗe wani babban bango na baƙin dutse a cibiyar Kennedy da ke Fulorida don tunawa da waɗanda suka rasu a wannan aiki, nan ma babu. Hujjar da aka bayar ita ce, a ƙa'idar rundunar mayaƙan sama, mutum ba ya cin sunan ɗan sama-jannati sai ya yi nisan mil 50 daga ƙasa, kimanin kilomita 80. Amma a jikin bangon akwai sunayen mutanen NASA irin su Theodore Freeman da Elliot See da Charles Bassett, waɗanda su ma a jirgin horo suka mutu ba su taɓa zuwa sararin samaniya ba. Ko wariya ce, ko taurin kan ma'aikata ne da sirrin da ya lulluɓe shirin, sakamakon dai ɗaya ne ga iyalinsa. Suka yi ta bin magana, ɗan majalisar tarayya mai wakiltar kudancin Shikago a lokacin, Bobby Rush, ya shiga ciki, har rundunar ta sake duba matsayinta. Ran 8 ga Disamba, 1997, shekara 30 cif bayan haɗarin, aka buɗe sunansa a jikin bangon.

Ran 15 ga Fabrairu, 2020, aka harba wani kumbon dakon kaya daga jihar Bajiniya, aka sa masa sunan Robert Lawrence. Ba mutum a cikinsa. Ya kai abinci da kayan gwaje-gwajen kimiyya fiye da tan uku ga mazauna tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa, ya zauna a manne da ita kusan wata uku, sa'an nan aka cika shi da sharar tashar aka sake shi, ya ƙone a cikin iska a kan hanyarsa ta dawowa a ƙarshen watan Mayu.